Mai Taki a Bakin Kwara da Abin da Hanci Ba Ya Ji

Da an kammala yankan dawa, iskar hunturu ta fara kaɗawa, akwai wata sana'a da ke farkawa a ƙasar Shanga. Ba ta da rumfa a kasuwa, ba wanda ke yi mata kirari. Mai ita yakan fita tun da duku-duku da shebur da buhuna, wani da jaki da mangala, wani da amalanken shanu, wanda hannunsa ya ɗan yi ƙarfi kuwa sai ya ɗauki shatar mota. Inda dabba ta kwana, nan ya nufa: mashekarin da Fulani suka tashi, turken tumaki a bayan gida, karar da aka ci kasuwar dabbobi jiya, ɗakin kajin wani mai kiwo a Yelwa. Ya tattara abin da kowa ke toshe hanci ya wuce, ya kai wa manomin albasa, ya karɓi kuɗinsa. Mai taki ke nan.

Albasa ce ta ɗaure wa wannan sana'a gindi a masarautar Yawuri. Tun kafin a datse Kwara a Kainji a 1968, an san Gungawa, wato Reshe, da nomanta a tsibiran kogin. Da tafkin ya cika, ruwa ya haɗiye garuruwa da gonaki, aka tashi mutum fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai, noman albasa ya bi masu shi duk inda suka sauka. Ita kuwa shuka ce mai gajeren saiwa da yawan ci. Ba ta nitsawa ƙasa ta nemo abinci, sai wanda aka ajiye mata a bakinta. Ƙasar da kogi ba ya shimfiɗa wa laka duk shekara, dole mutum ya ciyar da ita da hannunsa. Daga Shanga zuwa Yawuri, har can Wara a Ngaski, duk mai noman rani ya san cewa ruwa kaɗai ba ya ɗaure albasa.

Wanda bai san sana'ar ba gani yake kashi duk kashi ne. Mai taki kuwa yana da aji-aji. Na shanu sanyi gare shi, ba ya ƙona shuka, yana sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe danshi, amma aikinsa a hankali yake, kuma yakan zo da irin ciyawa, manomi ya yi ta cira. Na awaki da tumaki ya fi shi ƙarfi, ga sauƙin ɗauka, ya kuma daɗe yana aiki a gona. Na jaki da doki ba a cika ɗokinsa ba. Juji, inda toka da shara da kashin dabbobin gida suka haɗu suka shekara, tsofaffi ba su haɗa shi da komai, sai dai yanzu leda da fasassun kwalabe sun lalata shi. Sarkinsu a wajen tsada shi ne na kaji, musamman na masu ƙwai, wanda bai gauraya da garin katako da yawa ba. Zafi gare shi. In aka zuba wa ƙaramin dashe da yawa sai ya ƙone, in aka iya masa kuma cikin kwanaki ganye zai yi shar.

Kayan awon mai taki guda uku ne, ido da hannu da hanci. Zai damƙi taki ya murza, ya ga ko an cika shi da yashi don nauyi. Zai duba launi ya san ko ruwan sama ya wanke shi. Zai shinshina ya faɗi daga wace dabba ya fito, da kuma tun yaushe aka kwashe shi. Na sha mamakin yadda waɗannan mutane ke karanta tarin kashi kamar yadda malami ke karanta allo, kuma ban taɓa ganin an ba wannan ilmi girman da ya cancanta ba.

A da, taki ba kayan sayarwa ba ne sosai. Manomi yakan roƙi Ardo a kwantar masa da garke a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa taki, shi kuma ya bayar da damin hatsi, matan ruga su riƙa kawo nono gida. Wannan tsohuwar amana ta yi rauni. Rikicin burtali ya ci wani ɓangare nata, satar shanu da 'yan bindigar da suka addabi kudancin Kebbi suka ci wani. Sai kuma tsadar takin zamani: ya tashi a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren, ya ƙara tashi bayan cire tallafin fetur da faɗuwar naira a 2023. Manomin da a da ke sayen buhun yuriya ba tare da dogon tunani ba ya waiwayo ga kashin dabba. Abin da ake bayarwa kyauta ya zama na ciniki a buhu, mai taki ya shiga tsakanin makiyayi da manomi, biyun da a yanzu sau da yawa ba su ma san juna ba.

A wannan tsakanin ne wani labari yake ɓacewa, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Je ka kowace kara ranar kasuwa, za ka tarar da mai tabarmar magani a gefe. Kwalabe a jere cikin rana: oksitetrasaikilin mai dogon aiki, wanda kowa ke kira LA, da haɗin penisilin da sitireftomaisin, da tailosin, da ƙullin garin da ake zuba wa kaji a ruwa, da kafson nan mai ja da rawaya da ake fasa wa kaza ko ɗan akuya. Makiyayi ba don wasa yake saya ba. Kirci na cin fatar shanu da damina, ciwon huhu na kashe su, boru na gurgunta su, ga sammore a dazukan da ke kusa da ruwa. Likitan dabbobi ya yi nisa, malamin dabbobi ɗaya ne ga ƙauyuka da dama, wasu hanyoyin dajin ma ba sa biyuwa. Saboda haka mutum ya zama likitan garkensa. Ƙa'idar LA mai ƙarfin kashi 20 cikin 100 ita ce mililita ɗaya ga kowane kilo goma na nauyin dabba, amma wa ke da sikeli a ruga? An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kimar takan kuskure, wani lokaci ta gaza, wani lokaci ta zarce. Sau da yawa kuma cutar ba ta wannan maganin ba ce. Boru ƙwayar bairos ke kawo shi, sammore nasa maganin daban ne, amma allurar LA ce ake fara kaiwa gare ta.

Jikin dabba ba ya cinye maganin duka. Gwargwadon irinsa, daga kashi 30 har zuwa 90 cikin 100 na abin da aka ba ta yana fita ta fitsari da kashi da sauran ƙarfinsa. A jikin kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta, na LA yakan kai mako uku zuwa huɗu ga nama. Wannan jiran ma'anarsa a bar maganin ya fita daga jiki. To ina ya tafi da ya fita? Yana nan a turke, ya jiƙe cikin ƙasa da dusa da ragowar ciyawa, yana jiran shebur ɗin mai taki.

Na kaji ya fi tayar min da hankali, domin can ba kaza ɗaya ake yi wa magani ba, ɗaki guda ake zuba wa a ruwan sha. 'Yan tsaki na sauka daga mota ake tarbarsu da shi, in an ga farin kashi a ƙara, in zafi ya tsananta a ƙara, in ƙwai ya ja baya a ƙara. Cikin garin da ake sayarwa akwai mai enrofulokzasin, wanda jikin dabba ke juya wani ɓangarensa ya koma sifrofulokzasin, maganin nan da ake ba mutum mai taifot. Akwai mai kolistin, wanda likitocin mutane ke ajiyewa sai sauran magunguna sun gaza. Kashin waɗannan kaji shi ne takin da ya fi kowanne daraja a bakin fadama.

Kada a ɗauka ina cewa albasar Yawuri guba ce. Ba haka ba ne, kuma zalunci ne a faɗi haka a kan guminsu. A 2005 masu bincike a Jami'ar Minesota ta Amurka sun shuka albasa mai lawashi da kabeji da masara a ƙasar da aka zuba wa taki mai magani. Suka tarar shukokin sun zuƙi kulotetrasaikilin, ɗan uwan wanda ke cikin LA, amma ba su zuƙi tailosin ba. Abin da suka auna bai wuce maikirogiram 2 zuwa 17 a kowane kilo ba, alhali iyakar da hukumar Codex ta duniya ta yarda da ita a tsokar nama 200 ce, a nono kuma 100 a lita. Ba wanda zai faɗi don ya ci ɗanyar albasa a kan tsire.

Ɓarnar a wani wuri take. Magani kaɗan-kaɗan, wanda bai isa ya kashe ƙwayar cuta ba, horar da ita yake yi. Masu rauni su mutu, masu taurin kai su rayu su hayayyafa, har su miƙa wa wasu ƙwayoyin da ba danginsu ba wannan taurin kai, domin bakteriya na musayar gado tsakaninsu. Tarin taki mai ɗumi da danshi, cike da ƙwayoyin hanji da ragowar magani, makaranta ce a gare su. Daga nan sai hannun yaron da ke watsa taki, sai rijiyar da ke gangare, sai latas da aka ɗauraye sama-sama. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. A ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga a 2022, mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. A asibiti abin yakan zo da sauƙin faɗa: an yi wa yaro allura kwana biyar, zazzaɓi bai sauka ba.

Akwai masu sana'ar gano wannan ragowar, kuma aikinsu na haƙuri ne. Mai ɗaukar samfur ba ya ɗiba daga sama ya tafi. Sai ya ɗebo daga wurare da yawa na tarin, sama da tsakiya da ƙasa, ya gauraya, ya ƙulle a leda mai tsabta, ya rubuta rana da wuri da irin dabba, ya sa cikin akwatin ƙanƙara, don zafi na canza abin da ake son aunawa. A ɗakin gwaji wahalar farko ita ce raba maganin da takin. Dangin tetrasaikilin suna manne wa laka da sinadarin kalsiyam kamar kaska, sai an jiƙa samfurin da ruwan sinadarin da zai ɓamɓare su, a girgiza, a tace, a sake tacewa har ruwan ya yi garau. Sannan a tura shi cikin na'urar HPLC, wadda ke bi da shi ta wani siririn bututu inda kowane sinadari ke fitowa a nasa lokacin, a gane shi, a san yawansa. Akwai hanya mai araha: a shuka bakteriya a faranti, a ɗiga ruwan samfur, in an wayi gari an ga fili kewaye da ɗigon inda ba abin da ya tsiro, to akwai abin da ke kashe su. Sai dai wannan ba ta faɗin sunan maganin, kuma an fi tsara ta don nama da nono. Taki na da tarkacen da ke rikita ta.

Yanzu a auna wannan da Shanga. Samfurin da aka ɗiba a Dugu Tsoho ko 'Yar Besse sai ya yi tafiyar sa'o'i cikin ƙanƙara kafin ya kai ga masu wannan ilmi, ko a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko a Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke aiki tun 1924. Kuɗin gwaji ɗaya ya fi kuɗin takin da aka gwada. Najeriya ta fitar da shirinta na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta a 2017, ta sabunta shi a 2024, shekarar da aka kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya, kuma shirin ya ambaci lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a haɗe. Amma awon da ake da shi na abinci ne, kashi kuwa ba abinci ba ne, don haka yana wucewa ba mai tare shi. Ina fata Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa da ke bakin wannan tafki, za su mai da shi aikinsu, ko da sau biyu a shekara ne, a san inda aka kwana. Amma ko sun yi, ba za su gwada kowane buhu ba.

Wanda ke taɓa kowane buhu shi ne mai taki. Hancinsa ba ya jin oksitetrasaikilin, gaskiya ne, amma yana da baki. Ranar da aka yi wa garke allura tana cikin kan makiyayi, ranar da aka zuba wa kaji gari tana cikin kan yaron da ke ba su ruwa, kuma mai taki ne kaɗai ke tsayawa gabansu kafin kaya su bar wurin. Cikin gaisuwa ma ana iya jin labari. Baffa, ya garke, an sha fama da kirci bana? Yaushe aka yi musu allura? Alhaji, wannan zubin kajin sun ba da wahala? Kwalaben da aka yar a bayan ruga da ledojin gari a bakin ɗakin kaji su ma suna magana. Makiyayan da ke lura sun san wata alamar: kashin saniyar da aka yi wa allurar tsutsa ta ibamektin yakan daɗe a ƙasa buzuzu bai taɓa shi ba. Wannan ba maganin bakteriya ba ne, amma ya isa ya nuna wa mai shakka cewa abin da aka tsira wa dabba a wuya yana fitowa ta baya da ransa.

In ya san takin na ɗauke da magani, ba zubarwa zai yi ba. Dafa shi zai yi. A nan ne nake ganin kuskure mafi girma a sana'ar, wato ɗaukar busasshen taki a matsayin ruɓaɓɓe. Wanda rana ta busar yana nan yadda yake, barci kawai yake yi, da ya sha ruwan fadama zai farka da duk abin da ke cikinsa. Ruɓarwa aiki ce. A shimfiɗa bambaron shinkafa ko karmami, a zuba kashi, a yayyafa ruwa, a sake shimfiɗawa, har tarin ya kai ƙirjin mutum. Danshin ya zama kamar na tsumman da aka matse, in ka damƙa ya dunƙule amma kada ruwa ya zubo. A rufe da ciyawa. Cikin kwana uku zuwa biyar cikinsa zai ɗauki zafi, ƙananan halittun da ke cin tarkacen ne ke hura wannan wuta. Abin da ake nema shi ne digiri 55 ko fiye. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ga irin wannan tari na fili ita ce ya riƙe wannan zafi kwana 15, a juya shi sau biyar a tsakani, don na gefe ya shiga tsakiya shi ma ya dahu. Wanda ba shi da ma'aunin zafi sai ya soka rodi, ya bar shi ɗan lokaci, ya zaro. In ya kasa riƙe ƙarfen a tafin hannu, aiki na tafiya. In ya fito da sanyi, ko ruwa ya yi kaɗan, ko ya yi yawa, ko tarin na neman iska. Toka kuma a yi hankali da ita a kan kashin kaji, tana korar ƙarfinsa ya bi iska.

Wannan zafi yana karya mafi yawan penisilin da tailosin da dangin tetrasaikilin, ya kashe ƙwayoyin zawo da ƙwan tsutsa da irin ciyawa. Enrofulokzasin da 'yan uwansa sun fi taurin kai, ba sa tafiya duka, kuma gadon bijirewar da ke cikin ƙwayoyin raguwa yake yi, ba ya ƙarewa. Duk da haka tazarar da ke tsakanin ɗanye da dafaffe babba ce.

Abin da ke hana a yi ba jahilci ba ne, kasuwa ce. Tarin da ya ruɓe yakan zabge kusan rabi, ga wata biyu ko uku na jira, ga kuɗin ruwa da na masu juyawa, mai taki kuwa a buhu yake sayarwa. Manomi shi ma in ya zo saye, warin nan mai hawa kai yake nema, shi yake kira ƙarfi. In aka miƙa masa baƙin taki mai laushi, mai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko, sai ya ce ya mutu, ya taya da arha. Wato wanda ya yi aikin ƙwarai shi ke faɗuwa. Muddin manoman albasa ba su yarda su ƙara wani abu a kan buhun dafaffe ba, wa'azin malamin gona ba zai wuce bakin rumfa ba. Su ne kuma suka fi kowa cin ribarsa, don dashensu ba zai ƙone ba, cirar ciyawa ta ragu.

Sai maganar inda ake jibge kaya. Tafkin Kainji ba ya zama wuri ɗaya. Ruwan daminarmu na cika shi wajen Satumba, wani ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini ya iso cikin hunturu, sannan ya ja baya da bazara ya bar fili mai danshi, inda ake shuka, inda garkuna ke sauka cin burugu. Mai taki na son ajiye tarinsa daf da gonakin don rage wahalar ɗauka. Abin da bai sayar ba kafin ruwa ya dawo, tafki ne zai saye shi. Magungunan dangin salfa, da su ma ake ba dabbobi, ba sa manne wa ƙasa kamar tetrasaikilin, ruwa suke bi. A wannan ruwa Sarkawa ke jefa taru, daga nan warangi da karfasa da tarwaɗa ke zuwa kasuwar Yawuri, nan mata ke wanki yara na iyo. Matsar da tari zuwa tudu, nesa da rijiya da layin da ruwa ke kaiwa, a yi masa 'yar kunya kewaye, aikin yini guda ne.

Lokacin kwashe mashekari da ɗakunan kaji yana zuwa ne daidai da lokacin da manomi ke gaggawar dashe, shi ya sa ɗanye ke tafiya gona kai tsaye. Mai takin da ke son sayar da dafaffe dole ya riga kowa da zango guda: abin da ya tara da bazara ya dafa shi a tudu, ya rufe shi da kyau kada ruwan sama ya wanke, ya fito da shi a watan Nuwamba. Wannan na bukatar fili, da ɗan jarin da zai kwanta wata da watanni, da rodi mai tsawon gaba guda, da littafin makaranta mai ganye arba'in inda ɗansa zai riƙa rubuta masa daga wace ruga kowane tari ya fito, da ranar da aka ce an yi allura, da ranar da aka juya.